HxD, 010 Editor ko ImHex: wanne ya dace da mai buɗe cikin fishiye

Wani ƙanena da ke koyon gyara a atelye ɗinmu nan bayan kasuwar Dole ya tambaye ni shekaranjiya, yace yaya wai cikin lojisiyel ɗin nan na buɗe cikin fishiye wanne zan enstale, tunda ya ga ina da uku a ordinatar ɗina kuma kullum ina tsalle daga wannan zuwa wancan. Na fara ba shi amsa a tsaye sai kiliyan ya shigo, maganar ta yanke. Shi ne nace bari in zauna in rubuta ta da tsawo, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba, daga masu gyaran waya da dekoda na Zango har ɗaliban enformatik na jami'ar André Salifou.

Da farko dai mu fahimci abin da ake dubawa. Duk fishiye, ko fayil kamar yadda mutanen Kano ke cewa, hoto ne ko waƙa ko damp, wato kwafin abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, da ka ciro daga fis ɗin BIOS, jerin okte ne kawai. Okte ɗaya lamba ce daga 0 zuwa 255, a heksa kuma, wato ƙirga mai tushe goma sha shida da ake rubutawa da 0 zuwa 9 da A zuwa F, daga 00 zuwa FF. Editan heksa shi ke nuna maka su tsirara, goma sha shida a kowane layi, ta hagu nisan wurin daga farkon fishiye, ta dama kuma haruffan da za su iya zama. In ka buɗe hoton JPEG zaka ga ya fara da FF D8 FF ya ƙare da FF D9. PDF yana farawa da 25 50 44 46. ZIP da 50 4B 03 04, kuma in ka buɗe APK ko docx ma abin da zaka gani kenan don su ma ZIP ne aka sauya musu suna. Ko ƙ ɗinmu ta Hausa okte biyu ce a UTF-8, C6 99, ɗ kuma C9 97, shi ya sa wani lokaci zaka ga sunan mutum ya fito da wasu alamu marasa kan gado a takarda, an karanta okte biyun nan ɗai-ɗai ne.

To wannan kowane edita yana nuna shi. Inda suka rabu shi ne tsari. Lambobin nan ba zube suke ba kamar gero a tabarma, kowane huɗu ko biyu ko takwas suna da aikinsu. Misali PNG: okte 8 na farko sa hannu ne, 89 50 4E 47 0D 0A 1A 0A, daga wuri na 16 okte huɗu faɗin hoto ne, daga na 20 okte huɗu tsawonsa. In ka ga 00 00 05 00 sannan 00 00 02 D0 to hoton 1280 ne a 720. Amma sai ka san cewa PNG babban okte yake sawa a gaba. WAV shi kuma ƙaramin yake sawa a gaba, 44100 a wuri na 24 zaka gan ta a 44 AC 00 00, a juye. In ka karanta faɗin PNG ɗin can irin karatun WAV 327680 zaka samu maimakon 1280. Tambayar gaba ɗaya ita ce: kai ne zaka riƙe wannan taswirar a kanka, ko lojisiyel ne zai shimfiɗa maka ita?

HxD shi ne na farko da na sani kuma har gobe shi nake fara buɗewa. Wani Bajamushe Maël Hörz ya rubuta shi, kyauta ne, na Windows ne kawai. Nauyinsa ƴan mega kaɗan, ko forfe ɗinka ya kusa ƙarewa zaka telesharje shi, akwai wanda ba sai ka enstale ba ka sa shi a kle ka yi yawo da shi, kuma yana da Faransanci wanda ga da yawanmu nan ba ƙaramin sauƙi bane. Yana tashi a tsofaffin injina, har masu 32 bit ɗin nan da ake kawowa na hannu, RAM giga biyu, bai damu ba. Kuma yana buɗe fishiye komai girmansa ba tare da ya loda shi duka a RAM ba, yana buɗe dis kai tsaye, kart memwar, kle, har ƙwaƙwalwar lojisiyel da ke cikin aiki.

Ga mai aiki da CH341A, ƴar na'urar nan ta karanta fis da rubuta shi, wato kullum kana ciro damp daga fis ɗin ordinatar ko tele ko dekoda kana mayarwa, wallahi kaso mafi yawa na aikinka HxD ya ishe ka. Ka ciro damp daga fis 25Q64, ya kamata ya zama okte 8,388,608 cif, mega 8. Ka buɗe ka ga FF daga sama har ƙasa, to ko fis ɗin a goge yake ko matsewar na'urar ba ta kama ƙafafun fis ɗin da kyau ba. Ka ciro sau biyu ka gwada su da Ctrl+K, in sun bambanta kada ka yarda da ko ɗaya, sake matsewa. Abin da ka taɓa yana zama ja har sai ka adana, in ka adana kuma yana bar maka tsohon da .bak a gefe. Sannan abu ɗaya da nake ta nanata wa yaran atelye: a HxD manna iri biyu ne. Ctrl+V cusawa yake, yana tura sauran okte gaba fishiye ya ƙara girma. Ctrl+B shi ke rubutawa a kan na wurin girma bai motsa ba. A damp ɗin BIOS kusan kullum Ctrl+B kake so, in ka cusa ko okte ɗaya ne duk abin da ke bayansa ya gusa, injin ba zai tashi ba. Yana ma yi maka gargaɗi cewa girma zai sauya, a daure a riƙa karanta gargaɗin nan kafin a danna.

Inda ƙarfin HxD ya tsaya shi ne tsarin. Yana da wani fili ta dama tun fitowar 2.0 a 2018, in ka ɗora alama kan okte zai gaya maka in lamba ce mai okte biyu ga ta, in mai huɗu ce ga ta, in kwanan wata ne ga shi, kuma kana iya juya masa babba a gaba ko ƙarami a gaba. Yana taimako sosai. Amma ba zai ce maka wannan faɗin hoto bane ko wannan farkon bangare na biyu ne na dis. Kai zaka ƙirga. Ɗauki MBR, sekta ta farko ta dis, okte 512: teburin bangarori yana farawa a wuri na 446, gida huɗu kowane okte 16, cikin kowane gida okte na biyar shi ne iri, 07 na NTFS ko exFAT, 0C na FAT32, EE kuma alamar cewa dis ɗin GPT ne, wato sabon tsarin raba dis, daga na tara okte huɗu inda bangaren ya fara, huɗun ƙarshe yawan sektocinsa, sannan 55 AA ta rufe a 510. Wannan ana iya haddace shi, ni ma na haddace. Amma je ka buɗe MP4 ko APK mai fishiye dubu a ciki ka ce da ido zaka bi, rana zata faɗi baka kai rabi ba.

Nan ne 010 Editor ya yi suna. Kamfanin SweetScape na Kanada ke yin shi tun 2003, yana aiki a Windows da Mac da Linux. Abin da ya bambanta shi shi ne tamfilet, ƴan fishiye masu ƙarewa da .bt da aka rubuta da harshe mai kama da C na rubuta furogiram, su ne taswirar. Ka buɗe ZIP sai ya gane shi da kansa ya gudanar da tamfilet ɗin, ƙasa sai ga bishiya ta fito: ga fishiye na farko, ga sunansa, ga girmansa a matse, ga girmansa a sake, ga CRC ɗinsa, wato lambar tantance ko okte ɗin sun lalace. Ka danna kan suna sai okte ɗin su haskaka a sama. Abin da na fi so kuma, a cikin bishiyar nan kake gyara. Ka rubuta 1920 da lambobin da ka saba, shi zai juya ta heksa ya jera ta yadda fishiyen ke so, babu ruwanka da wanne ke gaba. Kuma tamfilet ɗin ba zane bane kawai, gudana yake kamar furogiram, yana da in kaza ne yi kaza, yana da maimaitawa, shi ya sa yake iya bin fishiyen da tsawon kowane yanki sai an karanta na gabansa ake sani. Suna da rumbu na tamfilet masu yawa da mutane suka rubuta cikin shekaru, har da na dis da ke warware maka MBR da FAT da NTFS, in baka da wanda ake buƙata zai tambaye ka ko ya sauko da shi.

In zaka rubuta naka don PNG ɗin can, layi huɗu ne:

BigEndian();
FSeek(16);
uint32 fadi;
uint32 tsawo;

Shi ke nan, ka samu suna a kan okte. Kuma bai cika nauyi ba, a injin da ya tsufa ma yana tafiya lafiya lau.

Matsalarsa gare mu kuɗi ne. Lojisiyel ne na saye. Suna baka kwana 30 ka gwada shi cikakke, bayan nan sai lasisi, da dalar Amurka, kuma sai da katin banki mai aiki a waje, wanda mai atelye a Damagaram ba kowa ke da shi ba, sai dai ka nemi wani ɗan'uwa a Yamai ko waje ya biya maka ka tura masa sefa. Na san abin da wasu za su ce, ai akwai fasasshe a intanet. Don Allah a bari. Ban da haƙƙin masu shi, ka tuna wannan lojisiyel ne da kake ba iznin taɓa dis kai tsaye, kuma a injin da kake soka kart ɗin mutane da hotunan iyalinsu. Fasasshen da baka san wanda ya fasa ba baka san me ya dasa a ciki ba. In baka da halin saye ga na uku nan kyauta.

ImHex yaro ne a cikinsu, ƙarshen 2020 ya fito, wani mai kiran kansa WerWolv ya fara shi, kyauta kuma lambobinsa a buɗe suke kowa na iya gani. Abin da 010 ke yi da kuɗi shi ma yana yi, nasa tamfilet ɗin sunansu ƙarewa yake da .hexpat. Rubutun ma ni ya fi kwanta min, don kai tsaye kake cewa ga abu ga wurinsa:

be u32 fadi @ 0x10;
be u32 tsawo @ 0x14;

be ɗin nan ita ce babba a gaba, 0x10 kuma 16 ce a heksa. Kana rubutawa ka gudanar sai kowane yanki ya ɗauki launinsa a cikin okte ɗin, idonka ya huta. Bayan haka ya zo da kaya da yawa a jaka ɗaya. Yana warware lambobin injin zuwa umarnin furosesa, na ARM da na x86 da sauransu. Yana da wani zane da ke nuna maka hargitsin okte daga farkon fishiye zuwa ƙarshe, wanda ga mai duba famwaya, wato lojisiyel ɗin da ke zaune cikin fis ɗin na'ura, abu ne mai daraja: inda layin ya kwanta ƙasa fili ne na FF ko 00, inda ya yi tsaka-tsaki rubutu ne ko umarni, inda ya haye sama ya miƙe to a matse yake ko a kulle da sirri, kada ka ɓata yininka kana neman rubutu a wurin. Kallo ɗaya ka san fasalin damp ɗin mega 16. Yana gwada fishiye biyu gefe da gefe, yana lissafa CRC da MD5 da SHA, yana ciro duk rubutun da ke ɓoye a ciki.

Sai dai fa yana son inji. Da katin hoto yake zana fuskarsa, yana neman OpenGL 3, kuma na Windows ɗin 64 bit ne. Tsohon ordinatar mai Windows 7 na 32 bit ka manta kawai. Akwai wani bugu da suka yi don injin da ba shi da katin hoto mai ƙarfi, NoGPU suke ce masa, yana tashi amma furosesa ke ɗaukar nauyin zanen, a zafin watan Afrilu na garin nan kuma ka san yadda injina ke yi in an matsa musu. Saukar da shi ma ya fi HxD cin mega nesa ba kusa ba. Sannan tagoginsa suna da yawa, sabon shiga zai iya ruɗewa a satin farko, ga menu iri-iri ga Ingilishi. Akwai wanda ke aiki cikin burawuza ba sai ka enstale ba, amma wannan sai da koneksiyon, ni kuma bana son aikin da zai tsaya don rezo ya tafi.

Bari in ba da misali da aiki na gaske don a ga yadda suke haɗuwa. Wata baiwar Allah daga Birni ta kawo kart memwar, hotunan bikin ƙanwarta, wasu suna buɗewa wasu sun ƙi. Abu na farko, ban taɓa kart ɗin ba sai da na kwafe komai a ordinatar, a kan kofi nake aiki. Na buɗe ɗaya daga marasa lafiyar da HxD, maimakon FF D8 sai sifiri zalla a farko, amma can ƙasa ga okte a cike har zuwa FF D9. Wato jikin hoton na nan, kai ne ya tafi. A kan JPEG ne teburan da ake warware hoton da su suke zaune, in babu su ba abin da zai buɗe. Sai na ɗauko lafiyayyen hoto da waya ɗaya ta ɗauka a rana ɗaya da girma ɗaya, na buɗe shi da tamfilet ɗin JPEG, ya jera min yankunan har na ga daidai inda FF DA take, wato inda kai ya ƙare jiki ya fara. Na yanko kan na dasa wa marasa lafiyar. Wasu sun dawo sumul, wasu sun dawo launi ya ɗan gauraye ta sama don sifirin ya ci har cikin jiki, wasu kuma na gaya mata gaskiya sun tafi. HxD ne ya nuna min ciwon cikin daƙiƙa, mai tamfilet ne ya nuna min inda zan yanka. Da HxD kaɗai ma zan iya, da neman FF DA da hannu, amma hoton waya yakan ɗauki ƙaramin hoto a cikin kansa mai nasa FF D8 da FF DA, in baka lura ba a nan zaka yanke ka yi ta mamakin me ya sa bai yi ba.

Abu ɗaya da babu edita da zai yafe maka shi: lambar tantancewa. Kowane yanki na PNG yana ƙarewa da CRC mai okte huɗu, ka sauya faɗi baka sake lissafa ta ba wasu lojisiyel za su ce hoton ya lalace. Kan GPT, wanda ke sekta ta biyu yana farawa da EFI PART, yana da CRC nasa da na teburin bangarori, kuma akwai kofinsa a ƙarshen dis. Tamfilet zai nuna maka filin, wani ma ya gaya maka bai dace ba, amma gyaran yawanci naka ne, ka zaɓi okte ɗin da ake lissafawa ka lissafa ka rubuta. Duk ukun suna lissafa CRC32. Sannan in dis kake buɗewa kai tsaye, bar shi a karatu kawai har sai ka tabbata, HxD da kansa haka yake buɗe shi in baka cire alamar ba. Akwai ranar da kuran ya ɗauke ina tsakiyar rubutu a kan kle ɗin wani, injin tebur ne ba batir, da ban ɗauki hoton sektocin farko ba tun kafin in fara da ban san me zan ce wa mai shi ba. Tun ranar aikin dis a kan fotabul mai batir nake yinsa.

Akwai wasu a gefe da zan ambata a gurguje. Kaitai Struct ba edita bane sosai, kana rubuta taswirar fishiye sau ɗaya a .ksy sai ya fitar maka da lambobin karanta shi a Python ko Java ko C++ da sauransu, ɗalibin da ke da aikin ƙarshen shekara a kan wani irin fishiye ya duba shi. Mai Mac yana da Hex Fiend kyauta. Mai Linux ko mai Termux a waya yana da xxd, ya juya fishiye zuwa rubutun heksa, ka gyara, xxd -r ya mayar, babu tsari babu launi amma ranar da waya ce kawai a hannunka zai fitar da kai. WinHex kuma na masu binciken dis ne, shi ma na kuɗi.

To ƙanena ga amsarka. HxD kam sa shi yau, ko me zaka ƙara daga baya, kuma ka yi wata biyu ko uku da shi kaɗai kana ƙirga MBR da kan PNG da kan WAV da hannunka, don wanda bai taɓa ƙirgawa ba ranar da tamfilet ya tsaya a tsakiya da jan rubutu, kuma a kan lalataccen fishiye yakan tsaya, ba zai san inda zai sa ido ba. Bayan nan dubi injinka. In 64 bit ne kuma bai wuce shekara goma ba, ImHex, baka biya ko dala ba kuma ga zanen hargitsin nan da zai yi maka amfani a famwaya. In injin ya tsufa ƙwarai, ko kuma aikin ceto bayanai ya zama shi ke ciyar da kai kullum kana buɗe fishiye iri-iri, to gwada 010 na kwana 30 ɗin a lokacin da kake da aiki a hannu ba lokacin zaman banza ba, in ka ga ya rage maka awoyi sai ka tara kuɗin lasisin daga aikin. Ni nawa haka na yi, kuɗin kart uku ko huɗu da na ceto ne na haɗa na aika aka biya min. Gobe in ka shigo da safe akwai damp biyu na dekoda ɗaya a kan tebur, ɗaya mai tashi ɗaya marar tashi, ka buɗe su da HxD ka danna Ctrl+K ka rubuto min wuraren da suka bambanta a takarda.